Takin da ke zuwa bayan maimai: nazarin lamarin wata ƙungiyar manoma a ƙasar Daura

Ƙauyen da matsalarsa

Ƙauyen yana arewa da garin Daura, wajen Mai'adua, kuma iyakar Nijar ba ta da nisa. Mai babur kan je Kongolam ya dawo kafin rana ta yi zafi. Ƙasar wurin jigawa ce, ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki. Gero ne uban tafiya, sai dawa da wake da gyaɗa, daga baya riɗi ya samu shiga. Ruwa yakan zauna a watan Yuni ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba. Akwai 'yar fadama gabas da gari inda wasu ke noman rani na tumatir da tattasai da albasa da injin ban ruwa.

A 2012 magidanta 46 suka kafa ƙungiyar manoma. Yawancinsu gonakinsu ba su wuce hekta 1 zuwa 2 ba. Ba son ƙungiya ne ya haɗa su ba, ji suka yi rajistar takin gwamnati ta fi sauƙi in an je a ƙungiyance.

Matsalar da suka shafe shekara 13 suna fama da ita ba ta da wuyar faɗa. Gero yana son takin kamfa tun yana ƙarami, wajen noman farko, yana son yuriya wajen maimai. In ya riga ya fitar da kai, ko tirela aka juye masa an yi aikin banza. Watannin da takin ke da amfani kuwa, Yuni da Yuli, su ne watannin da rumbu ya yi ƙasa, aljihu ya bushe, kuma mai sayar da taki ya san da haka. Hatsi kuma da kaka ake fitar da shi, lokacin da kowa ya kawo nasa farashi ya kwanta, saboda bashi da biki da kuɗin makaranta ba sa jira.

Mutum biyu da ba su taɓa jituwa ba

Tun ranar farko mutum biyu ne ke jan ragamar zance a ƙungiyar.

Sakatare tsohon hedimasta ne mai ritaya, ba ya rabuwa da rediyo. A wurinsa talaka ba shi da gata sai gwamnati. Yana tuna shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976 da shirin bunƙasa noma na Shagari a 1980, zamanin da gwamnati ke biyan mafi yawan kuɗin buhun taki. Yakan kawo John Maynard Keynes, masanin Ingila da ya ce a shekarun 1930 in kasuwa ta durƙushe ba ta tashi da kanta da wuri, sai gwamnati ta kashe kuɗi jama'a su samu abin saye. Babbar hujjarsa ita ce 1997: an cire tallafin taki, amfani da shi ya faɗi warwas, har aka dawo da shi a 1999 a kan kashi 25 cikin ɗari.

Ma'aji ɗan kasuwar hatsi ne, yana tara kaya a kasuwannin ƙauye yana kaiwa Dawanau. Bai taɓa jin sunan Milton Friedman, masanin Amurka mai cewa a bar kasuwa ta yi halinta, ba sai a bakin Sakatare, wanda ke tsokanarsa da cewa almajirin Friedman ne da bai san malaminsa ba. Shi kuwa abin da ya sani shi ne mahaifinsa ya noma gyaɗar da aka yi dala da ita a Kano, hukumar sayen amfanin gona ce ke yanka masa farashi, kuma farashin yana ƙasa da abin da ake samu a waje, har aka rushe hukumomin a 1986 cikin tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida. Maganarsa kullum ɗaya ce: duk buhun da ke da farashi biyu, na takarda da na kasuwa, akwai wanda zai zauna a tsakiya ya ci bambancin. Da ministan noma na lokacin da aka kafa ƙungiyar, Akinwumi Adesina, ya ce kashi 11 cikin ɗari na manoma ne kawai ke samun takin tallafi a tsohon tsari, Ma'aji ya riƙe wannan adadi kamar laya.

2012 zuwa 2015: takin waya

Sabon tsarin gwamnatin tarayya ya ce manomi zai samu saƙo a wayarsa, ya je wurin dillalin da aka amince da shi, ya biya rabin kuɗi ya karɓi buhu 2. Duka 46 suka yi rajista. A shekarar farko 31 ne saƙo ya zo musu. Wasu ba su da waya, wasu lambar ɗansu da ke Legas suka bayar, wasu kuma wayarsu layin Nijar take kamawa in suna gida.

Cikin 31 ɗin, 19 ne suka kai taki gona. Sauran ba su da rabin kuɗin a watan Yuli, sai suka sayar da gurbinsu ga 'yan sari a bakin cibiyar rabo, suka karɓi abin da zai sayi tiyar gero kaɗan. A 2013 da 2014 abin ya gyaru sosai, takin ya zo a farkon Yuli, kuma mutanen da ba su taɓa ɗaukar buhu sukutum ba suka ɗauka. Daga nan dillalai suka fara kukan ba a biya su rabin da ke kan gwamnati ba, kuma bayan 2015 shirin ya shiririce.

Akwai abin da ya faru a gefe wanda ba wanda ya kula da shi sai daga baya. Mai shago ɗaya da ke ajiye taki a kasuwar mako ta kusa ya daina, ya koma sayar da siminti, domin ba zai iya gogayya da rabin farashi ba. Da shirin ya tsaya, ba takin waya, ba na shago. Sai an je Daura.

2017 zuwa 2018: buhu a kan 5,500

A ƙarshen 2016 Najeriya ta ƙulla yarjejeniya da Maroko, ana shigo da sinadarin fosfet daga can, a haɗa da yuriyar gida a masana'antun haɗa taki da aka farfaɗo da su, a sayar da buhun kamfa naira 5,500. Wannan karon ba a raba wa kowa kati ba, farashi aka karya tun daga sama, kuma a gaskiya ya sauko har a kasuwa. Sakatare ya yi ta murna.

Sai dai wanda ake sayarwa a kan 5,500 cif, da jerin sunaye ake samunsa a gari, jerin kuwa ba a ƙauye ake rubuta shi ba. Ƙungiyar ta nemi buhu 90 a 2017, ta samu 35, a makon ƙarshe na Yuli. A 2018 ta samu 40 a farkon Agusta, gero ya riga ya yi ciki. A tsallaken iyaka kuwa buhun ya fi haka kuɗi, ga sefa da daraja, saboda haka da daddare babura ke bi ta cikin gonaki da buhu uku uku. 'Yan ƙungiya biyu ma sun yi wannan sufuri, ba su ɓoye ba.

2019 zuwa 2021: rancen da aka ɗauka rabo

Shirin rancen manoma na Babban Bankin Najeriya, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015, ya iso ƙauyen a daminar 2019 ta hannun wani wakili. Ba kuɗi ake bayarwa ba, kaya ne: taki da iri da maganin feshi da injin feshi, a biya da amfanin gona da kaka, kuma 'yan ƙungiya suna tsaya wa juna. Mutum 28 suka shiga. Ma'aji ya ƙi.

Wakilin ya kawo kayan a mako na uku na Yuli. Irin masara ne, a ƙasar da masara ba ta yi sai a bayan gida inda ake zuba shara. Wasu suka dafa shi duk da jan maganin da ke jiki, har sai da aka yi shela a masallaci a daina. Injinan feshi da yawa sun ƙare a kasuwa a makon. Ga kuma wata magana da ta yi ta yawo: ai ɗanmu ne ke mulki, wannan rabonmu ne. Da kaka mutum 9 ne suka biya cikakke. A faɗin ƙasa shirin ya raba sama da naira tiriliyan 1, kuma batun rashin biya ya zama abin cece-kuce tsawon shekaru, wato ƙauyen bai yi abin da ba a yi a wani wuri ba.

A watan Agustan wannan shekarar aka rufe iyakokin ƙasa. A Nuwamba aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, don a toshe fasa-ƙwauri. Masu injin ban ruwa a fadama suka koma hannun 'yan bumburutu. Hatsi ya yi tsada, wanda ya yi wa masu rara daɗi, ya kuma gasa waɗanda nasu ke ƙarewa tun bazara, kuma su ne mafi yawa.

Abin da ya kusa kashe ƙungiyar shi ne tsaya wa juna. Waɗanda suka biya suka ga ana zuwa musu a kan bashin waɗanda ba su biya ba. An yi gaba, an fasa wani aure da aka sa wa rana. Zuwa ƙarshen 2021 mutum 33 suka rage.

2022 zuwa 2023: an koma kasuwa

A taron farko na 2022 Ma'aji ya ce a daina bin jeri da wakili, kowa ya ɗauki kuɗinsa ya je kasuwa. Aka amince, domin an gaji.

Ba a yi sa'ar shekara ba. A Fabrairu yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke, kuma Rasha da Belarus suna cikin manyan masu fitar da sinadarin fotash da ake haɗa kamfa da shi. A Maris aka buɗe masana'antar yuriya ta Dangote a Lekki, mai iya yin tan miliyan 3 a shekara, mutane suka ɗauka araha ta zo. Amma yuriya kaya ce da duniya ke nema da dala, ba a sayar da ita a gida a kan farashin zumunci. Buhun kamfa ya haura naira 20,000.

A watan Yuni mutum 8 ne kawai cikin 33 ke da kuɗin buhu a hannu. Mutum 14 suka karɓi bashin taki a wurin 'yan kasuwa, a biya da gero da kaka, kuma mai bayarwa ne ke faɗin buhu nawa. Sauran suka shuka haka nan. Mutum 3 suka sayi na awo a kwano, mai rahusa, da aka jiƙa shi sai yashi ya kwanta a ƙasan bokiti. Ba su da inda za su kai ƙara.

Farkon 2023 ya zo da ƙarancin takardun kuɗi bayan sauya fasalin naira. Wanda ke da tsaba a hannu ya sayi hatsi da awaki yadda ya ga dama. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, a Yuli ta wuce 600. A Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnati a Yamai, aka sake rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Cikin mutum 17 da ke noman rani a fadama, 11 suka ajiye injinansu.

A waɗannan shekaru biyu mutum ɗaya ne a ƙungiyar ya ci gaba sosai, shi ne Ma'aji. Bai cuci kowa ba. Yana da sito, yana da kuɗin da zai sayi taki tun da rani, yana iya riƙe geronsa har bazara.

Nuwamban 2023: zama a zauren mai gari

Mai gari ne ya kira zaman, saboda ƙorafin bashin taki ya yi yawa a ƙofarsa. Sakatare ya fara.

"Ranka ya daɗe, mun gwada kasuwar Alhaji shekara biyu. Ga sakamako nan, mutum 14 sun noma wa wasu."

Ma'aji ya ce, "Malam, mun gwada gwamnatinka shekara tara. Sau nawa takin ya riga maimai zuwa?"

Aka yi dariya, sai Sakatare ya juya wurin Liman. "Allah ya gafarta Malam, shin hukuma ba ta da ikon ƙayyade farashi a hana wannan zalunci?"

Liman ya kawo hadisin Anas, cewa farashi ya tashi a Madina, mutane suka nemi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanka musu farashi, ya ƙi, ya ce Allah ne mai sa farashi. Ma'aji ya gyara zama. Sai Liman ya ci gaba da cewa akwai kuma hadisin da ya ce ba mai ɓoye abinci sai mai laifi, kuma malamai da dama sun halatta wa shugaba ya sa baki in 'yan kasuwa suka haɗa kai suka ƙuntata wa jama'a. Ya ce kowa ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi ya bar rabi, haka ake yi da karatu tun da can.

Wanda ya karkata zancen wani matashi ne da ya yi damina biyu a gonar surukansa wajen Matamaye a Nijar. Ya ce a can ya ga abu biyu. Na farko, manoma kan tara hatsi da kaka a ɗaki ɗaya mai kwaɗo biyu, ba a taɓawa sai farashi ya tashi. Na biyu, ba sa watsa taki kamar mai ba kaji tsaba, a murfin kwalbar lemo suke aunawa, su sa a gindin kowane rami. Wannan dabara ce da masu binciken noma na cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai suka yaɗa: giram 6 na kamfa a rami, wato a ramuka 10,000 kilo 60 ke nan a hekta, buhu ɗaya da 'yan kai.

Wani dattijo ya tambaya ko tara hatsi a jira tsada ba shi ne ɓoyon da Liman ya faɗa yanzu ba. Liman ya ce malamai sun bambanta wanda ya ajiye abin da ya noma da wanda ya shiga kasuwa ya kwashe na mutane a lokacin yunwa.

Aka tsayar da shawara. Kowa zai kawo abin da ya sawwaƙa, aƙalla buhu 1, a sa a wani ɗaki da mai gari ya bayar, kwaɗo uku, mabuɗi ɗaya wurin Sakatare, ɗaya wurin Ma'aji, ɗaya wurin Liman. Wake zai shiga buhun nan mai ninki uku da ba ya buƙatar magani. Za a sayar a Fabrairu ko Maris, kuma a makon da aka sayar a sayi taki a dunƙule, kada kuɗi ya kwana a aljihun kowa. Takin gwamnati in ya zo a karɓa da godiya, amma na baɗi ne, ba wanda zai jira shi. Littafin kuwa aka ba wata uwar adashi, matar ɗaya daga cikinsu, wadda ta shekara 15 tana riƙe kuɗin mata ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Wasu sun yi gunaguni a kan haka, suka haƙura.

Abu na ƙarshe Ma'aji ne ya kawo shi, ga mamakin kowa. Ya ce in za a je roƙon gwamnati, a daina roƙon taki, a roƙi hanya. Kilomita 7 ne tsakaninsu da kwalta, akwai kwari biyu da mota ba ta ƙetarawa da damina, kuma duk buhun da ya shigo ko ya fita sai an biya babur.

2024: shekarar da abin ya yi

Mutum 29 suka ajiye buhu 71, gero da wake da ɗan riɗi. Aka sayar a Maris. Shekara ce da abinci ya yi tashin gwauron zabi, hauhawar farashinsa a ƙasar ta wuce kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar shekara, naira kuma ta haura 1,500 a dala. Ƙungiyar ta samu riba mai kauri a kan farashin kaka, ta sayi buhu 44 a wurin babban dila a Kano, a rufe, da rasit. Kafin ruwan farko taki yana ɗaki, abin da bai taɓa faruwa ba tun 2012.

Bayan zarya da takardu da rakiyar kansila, an zuba burji a hanyar da rani, an sa kwalbati biyu. Ba aikin a zo a gani ba ne, amma motar kaya ta shiga gari. Kuɗin fitar da buhu zuwa kwalta ya ragu da kusan rabi, kuma masu sayen riɗi da da ba sa zuwa suka fara shigowa, har su uku a rana ɗaya suna taya wa juna.

Malamin gona na gwamnati ya zo sau huɗu. Zuwansa ya yi rana, domin a makon farko mutum 5 sun sa takin a jikin iri ya ƙone. Ya nuna a sa shi gefe kaɗan, bayan ƙasa ta jiƙa, ya kuma matsa a riƙa kai takin gida da amalanke tun rani, tunda rairayi in ba shi da takin dabbobi kamfa wucewa yake yi. Shi ne ya kawo musu irin geron Sosat mai saurin nuna. Aikin murfin kwalba akwai cin baya, yara ne suka fi yin sa, kuma mutum 6 sun gaji sun koma watsawa. A littafin ƙungiya, waɗanda suka jure sun samu tsakanin dami 12 zuwa 18 ƙari a hekta a kan abin da suka saba, da taki ƙasa da wanda suke zubawa a da.

Wani rabon takin tallafi ya iso a Agusta, buhu 12. Aka kulle shi.

2025: shekarar da bai yi ba

Ganin ribar bara, mutum 38 suka kawo buhu 120 da kakar 2024, har da waɗanda suka fita a 2021. Wasu sun ci bashi don kada su taɓa nasu.

Amma tun a Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, don a sauƙaƙa wa masu saye. Ga damina ta yi kyau a wurare da yawa. Maimakon farashi ya hau bayan kaka, sai ya yi ta sauka. Aka jira Fabrairu, aka jira Maris, aka ƙara jira har Afrilu, a ƙarshe aka sayar da gero da wake ƙasa da yadda za a sayar tun da kaka. Taki kuwa bai sauko ba, kamfa yana sama da naira 40,000, kuma ko'ina a Arewa manoma na kukan buhun masara ba ya sayen buhun taki. Riɗi ne ya rufa asiri, domin shi waje ake kai shi, hatsin da aka shigo da shi bai taɓa shi ba.

An yi niyyar sayen buhu 60, aka samu 33. Da 12 na ajiya suka zama 45, ga mutum 38. Da watsawa ake yi da ba su kai ko'ina ba. Da murfin kwalba da takin gida sun zaga, kuma ba wanda ya koma bashin taki a wannan damina. Mutum 4 da suka ci bashi don ajiya sun sayar da awaki sun biya.

A taron da ya biyo baya Ma'aji ne ya tashi yana faɗa a kan buɗe ƙofa ga hatsin waje, yana cewa gwamnati ta kashe manomi, dole ta kare shi. Sakatare, wanda fanshonsa ke sayen abincin gidansa tun watan Afrilu, ya ce ai a bar kasuwa ta yi halinta, Alhaji. Sai da aka tsayar da taron saboda dariya.

Abin da lamarin ya nuna

A ganina Ma'aji ya yi gaskiya a kan buhu mai farashi biyu. Sau uku aka gwada, da waya, da jeri, da wakili, kuma duk lokacin da tallafi ya zo a siffar abin da mutum ɗaya zai iya ɗora wa babur, wani kaso ya bi wata hanya, sauran kuma ya makara, saboda kasafin kuɗi da kwangila suna da kalandarsu, gero yana da tasa. Shekaru biyun da takin waya ya yi aiki su ne shekarun da ya zo da wuri, ba don ya fi araha ba.

Sakatare ma ya yi gaskiya, ko da yake ba ta inda yake zato ba. Kasuwar 2022 ba ta yi wa kowa ƙarya ba, amma wanda ya iya jira ne kaɗai ya ci moriyarta, kuma mutum ɗaya ne cikin 33. Ba ta kuma hana kowa sayar da yashi a kwano ba. Kuɗin gwamnati da ya canza wani abu a ƙauyen shi ne na burji da kwalbati da albashin malamin gona da binciken da ya fitar da iri, abubuwan da ba ɗan kasuwar da zai yi su don riba, ba kuma wanda zai ƙetara iyaka da su da dare. Hanyar ce ma ta kawo masu sayen riɗi uku a maimakon ɗaya, wato gasar da Ma'aji ke yabo da kuɗin gwamnati ta shigo gari.

Ajiyar hatsi ita ce ɓangaren da aka fi yabawa a 2024, kuma ita ce mafi rauni. Ribar shekarar hauhawar farashi ce ta kawo ta, ba wayon kowa ba, kuma sanarwa ɗaya daga Abuja ta isa ta juya ta. Abin da ya tsaya a shekara mai kyau da maras kyau shi ne sayen taki tun da rani da rage yawan da ake buƙata.

Da kakar 2025 ƙungiyar ta canza doka: rabin abin da aka tara za a sayar nan take a sayi taki, rabi ne kawai zai jira, kuma ba a yarda kowa ya ci bashi don ajiya ba. Marka ta cinye gefen kwalbati ɗaya. Sakatare ya rubuta takarda zuwa ƙaramar hukuma, Ma'aji ya ce kafin amsa ta zo a yi gayya a zuba duwatsu, ya ba da motarsa kwana ɗaya, man kuwa ƙungiya ce za ta saya.